Dillanci a Zamanin Intanet: Yadda Kamfanonin Shirya Tafiye-tafiye Suke Sauya Salon Aiki

Tsakure

Tun tsakiyar shekarun 1990 masana suke hasashen cewa sayen tikitin jirgi da kama masauki ta intanet zai durƙusar da kamfanonin shirya tafiye-tafiye. Yau kusan shekara talatin ke nan, kamfanonin suna nan, amma hajar da suke sayarwa da mai biyansu ladan aiki duk sun sauya. Wannan maƙala ta bi sawun sauyin daga Amurka da Turai inda ya faro, sannan ta dubi yadda ya kasance a Nijeriya, musamman a harkar tikitin 'yan kasuwa da ta Hajji da Umara. Maƙalar ta nuna cewa na'ura ta karɓe aikin ba da labarin farashi da na yankar tikiti, ta bar wa ejan aikin isar da kuɗi da lamuni, kuma babbar barazana a yanzu tana fitowa ne daga masu riƙe da ƙofar dandali, wato kamfanonin jiragen sama da gwamnatoci.

1.0 Gabatarwa

Kamfanin shirya tafiye-tafiye dillali ne. Ba shi da jirgi, ba shi da ɗakin kwana. Yana tsaye ne tsakanin mai haja, wato kamfanin jirgin sama ko otal, da matafiyi. A wannan maƙala za a yi amfani da kalmar ejan ga irin wannan kamfani, ko babba ne mai rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko ƙarami ne mai shago ɗaya da kwamfuta ɗaya. Kamfanonin da cinikinsu ya ta'allaƙa a kan shafin intanet, irin su Expedia da Booking.com da Wakanow, za a kira su dillalan intanet. Dandali kuma shi ne duk wani tsarin kwamfuta da sai an bi ta cikinsa ake samun kujera ko biza ko masauki.

Manufar maƙalar ita ce gano waɗanne daga cikin ayyukan ejan ne na'ura ta karɓe, waɗanne suka rage a hannunsa, da yadda kamfanonin suke sake fasalin kansu a kan abin da ya rage. Tambayar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin manyan tafiye-tafiye biyu da jama'a suka fi yi zuwa ƙetare, wato fatauci zuwa Dubai da Sin da Masar, da kuma aikin Hajji da Umara, har yanzu ta hannun ejan aka saba yin su.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Masana

Malone da Yates da Benjamin (1987) sun yi bayanin cewa fasahar sadarwa tana rage wahalar neman haja da kwatanta farashi, don haka ciniki zai riƙa komawa kasuwannin lantarki. Tsarin kama kujerun jiragen sama na Amurka yana cikin misalan da suka kafa hujja da su. Benjamin da Wigand (1995) suka ƙara gaba, suka ce muddin mai haja zai iya isa ga mai saye kai tsaye, ribar da 'yan tsakani suke ci za ta koma aljihun ɓangarorin biyu. Wannan shi ne ra'in tsallake dillali.

A shekarar ce kuma Sarkar da Butler da Steinfield (1995) suka ƙalubalanci hasashen. A ganinsu aikin dillali ya wuce haɗa mai saye da mai sayarwa, yana tantance haja, yana rage wa mai saye kasada, kuma intanet da kanta za ta haifi nata dillalan. Chircu da Kauffman (2000), bayan nazarin harkar tafiye-tafiyen ma'aikatan kamfanoni, sun nuna cewa abin zagaye yake yi: sabon dillali ya shigo da fasaha ya ture tsoho, tsohon ya mallaki fasahar, ya dawo da ƙarfin abokan hulɗarsa na da. Buhalis da Licata (2002) sun kai ga matsaya mai kama da wannan game da yawon buɗe ido, haka nan Law da Leung da Wong (2004) sun gano cewa matafiya suna kallon intanet da ofishin ejan a matsayin hanyoyi biyu masu taimakon juna.

Raunin waɗannan ayyuka, idan aka zo da su Afirka ta Yamma, shi ne irin matafiyin da suka sa a gaba. Mutum ne mai katin banki da ke aiki a ko'ina, mai kuɗin ƙasa da darajarsa ba ta hawa da sauka kullum, mai fasfo da ƙasashe da yawa ba sa neman biza a kansa, mai hukumar da za ta ƙwato masa haƙƙinsa idan aka cuce shi. Inda babu waɗannan, lissafin ya canza. A nan ayyukan Hill (1966) a kan masu masauki da dillalai a Kumasi, da na Cohen (1969) a kan Hausawan Sabo a Ibadan, sun fi ba da haske. Cohen ya nuna cewa a cinikin shanu, mai kawo shanu daga Arewa bai san mahaucin da zai ɗauki dabbarsa bashi ba. Maigidan da ya sauke shi ne yake tsaya masa, idan mahauci ya ƙi biya maigidan ne a ciki. Abin da ya riƙe wannan sana'a shi ne lamuni, domin farashin shanu kowa yana iya jin sa a kara. Wannan maƙala tana ganin ejan na yau a kan irin wannan matsayi yake komawa.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An gina maƙalar a kan nazarin rubuce-rubuce: ayyukan masana da aka ambata, da sanarwar IATA da ta Hukumar Alhazai ta Ƙasa NAHCON da ta Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya, da rahotannin jaridu. An ɗora nazarin a kan ra'in tsadar ƙulla ciniki na Coase (1937), wanda Williamson ya faɗaɗa daga baya. Ra'in yana cewa banda kuɗin hajar kanta, kowane ciniki yana da nasa ɗawainiya: neman hajar, daidaitawa, biya, da tabbatar da cika alkawari. Bisa wannan aka karkasa aikin ejan gida huɗu, wato ba da labari, yankar tikiti, isar da kuɗi, da lamuni, aka bi kowane aka ga abin da fasaha ta yi masa. Cinikin da aka siffanta a sashe na 4.4 hoto ne na yadda aka saba yi, ba labarin wani kamfani ba ne.

4.0 Nazari

4.1 Ayyuka biyu da na'ura ta karɓe

Ejan ya riga matafiyi sanin kwamfuta da shekara ashirin. Kamfanin American Airlines da IBM suka gina tsarin Sabre a farkon shekarun 1960, aka fara saka na'urorinsa a ofisoshin ejan-ejan a 1976. Kamfanonin jiragen Turai suka kafa Amadeus da Galileo a 1987. Waɗannan su ne manyan rumbunan kujeru da ake kira GDS. Ƙarfin ejan a wancan zamani daga nan yake: shi ne yake ganin allon da ke nuna jirage da kujeru da farashi, matafiyi kuwa sai abin da aka faɗa masa.

A 1996 aka juyo da allon ya fuskanci matafiyi. A shekarar ne Sabre ya buɗe Travelocity, Microsoft ya buɗe Expedia, aka kuma kafa kamfanin da ya zama Booking.com a ƙasar Holan. Daga baya shafukan kwatanta farashi irin su Skyscanner da Kayak suka biyo. Labarin farashi ya zama kyauta.

Aiki na biyu ya tafi ne a ranar 1 ga Yuni, 2008, lokacin da IATA ta daina amfani da tikitin takarda a tsarinta. Kafin nan tikiti takarda ce mai lamba da daraja, ana ba ejan mai rajista damin ta, ya kulle a akwatin ƙarfe, kuma sai matafiyi ya je ko ya aika kafin ya karɓa. IATA ta ƙiyasta cewa tikitin lantarki yana rage wa kamfanonin jirage kimanin dala 9 a kan kowane tikiti. Ga ejan kuwa, babban dalilin da ke kawo mutum ƙofar shagonsa ne ya kau.

4.2 Yanke la'ada da sauyin mai biya

Abin da ya fi girgiza sana'ar ya riga shafukan intanet zuwa. A da kamfanin jirgi ne yake biyan ejan la'ada, kimanin kashi 10 cikin ɗari a tafiyar cikin gida a Amurka, kashi 9 a tafiyar ƙasa da ƙasa. A Fabrairun 1995 kamfanin Delta ya ƙayyade la'adar tikitin zuwa da dawowa na cikin gida, ba za ta wuce dala 50 ba. A Maris 2002 ya soke ta baki ɗaya, sauran manyan kamfanonin Amurka suka bi sahu, sannan abin ya bazu zuwa sauran ƙasashe a hankali.

Ejan-ejan da suka tsira sun koma karɓar ladan aiki daga hannun matafiyi, da cin riba a kan haɗaɗɗen shiri, wato tikiti da masauki da mota a farashi ɗaya. Wasu suka keɓanta da tafiye-tafiyen ma'aikatan kamfanoni, wasu da jiragen ruwan shaƙatawa, wasu da ɗalibai ko marasa lafiya. Wannan sauyi ya taɓa asalin sana'ar. Wanda kamfanin jirgi yake biya wakilin kamfanin jirgi ne, ko da a gaban matafiyi yake zaune. Wanda matafiyi yake biya dole ya nuna masa abin da ya yi da ya cancanci ladan.

Ana yawan kafa hujja da rushewar Thomas Cook a kan cewa zamanin shago ya wuce. Kamfanin, wanda ya faro a Ingila a 1841, ya durƙushe a ranar 23 ga Satumba, 2019, ya bar matafiya kusan 600,000 a ƙasashen waje. Sai dai bashin da ya yi masa katutu yana cikin manyan dalilan faɗuwarsa, kuma ba a yi wata guda ba wani kamfanin ejan mai suna Hays Travel ya sayi shagunansa 555 na Birtaniya. Bayan 'yan watanni annobar korona ta tsayar da jirage, a nan kuma aka ga bambanci tsakanin wanda yake da mutumin da zai kira ya bi masa kadin kuɗinsa da wanda sai dai ya cike fom a shafi ya jira.

4.3 Isar da kuɗi: abin da ya bambanta Nijeriya

Dillalan intanet sun shigo Nijeriya da wuri. An kafa Wakanow a 2008, Hotels.ng da Jovago a 2013, Travelstart ma ya buɗe reshe daga Afirka ta Kudu. Abin lura shi ne yadda suka karkata. Wakanow ya buɗe ofisoshi na zahiri a garuruwa, ya kuma ƙirƙiro tsarin biya kaɗan-kaɗan. Wato dillalin intanet ne ya koyi ɗabi'ar shago. Jovago, wanda ya koma Jumia Travel, an miƙa harkarsa ga Travelstart a 2019.

Dalilin wannan karkata yana cikin harkar kuɗi. Ganin farashi a shafi abu ɗaya ne, iya biya wani abu ne daban. A 2022 bankunan Nijeriya suka rage abin da katin naira zai iya saya a ƙetare zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe baki ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa. A tsawon wannan lokaci, ɗan kasuwar da ke riƙe da miliyoyin naira a asusunsa ba ya iya biyan kuɗin otal na kwana biyu a shafin ƙetare da katinsa. Ejan mai rajista kuwa yana karɓar naira, ya yanki tikiti ta GDS, ya zuba kuɗin a tsarin biyan kuɗi na IATA mai suna BSP a ranar da aka ƙayyade, bisa lamunin banki ko na inshora da ya ajiye. Tsakanin ranar yanka da ranar zubawa akwai 'yan kwanaki, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne yake iya ɗaga wa amintaccen abokin ciniki ƙafa. Babu shafin da yake yin haka bisa sanayya.

Rikicin kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje da suka maƙale ya ƙara fito da wannan a fili. Saboda ƙarancin dala, kamfanonin sun kasa mayar da kuɗin tikitin da suka sayar zuwa ƙasashensu. IATA ta ce adadin ya kai dala miliyan 464 a Yulin 2022, ya haura miliyan 800 a 2023. Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen Oktoban 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Wasu kamfanonin suka rufe kujeru masu araha ga duk wanda zai saya daga cikin Nijeriya, suka bar masu tsada. Sai ciniki ya tsallaka iyaka: fasinja zai tashi daga Legas ko Kano, amma a wata ƙasa aka yanki tikitinsa, ta hannun ejan na can. Ƙungiyar ejan-ejan ta ƙasa NANTA ta yi ta kokawa a kan wannan, domin mambobinta masu rajista da biyan haraji ne suka yi asarar ciniki. Ga fasinja kuwa, ejan da ya san wannan hanya shi ne mai amfani. Tikitin lantarki ne ya ba da damar hakan, tunda babu takardar da za a ɗauko daga wata ƙasa a kawo. A Yunin 2024 IATA ta sanar cewa an biya kashi 98 cikin ɗari na kuɗaɗen, amma hanyoyin da aka koya a lokacin ba su toshe ba.

4.4 Ofishin da ya koma cikin waya

Idan aka ce ejan ya rungumi fasaha, masu bincike sukan nemi shafinsa na intanet. A Arewacin Nijeriya wannan ma'auni yana ɓatar da mai bincike. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su da shafi, wasu suna da shi amma ba a ciniki a kansa. Harkar tana gudana ne a WhatsApp, talla kuma a Facebook da Instagram da TikTok da gidajen rediyo.

Ga yadda aka saba yi. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai tura saƙon murya cewa yana son zuwa Guangzhou a mako mai zuwa, ya biyo da hoton shafin fasfonsa. Ejan, wanda sau da yawa ba shi da rajistar IATA, zai shiga dandalin wani babban dila da ya ba shi lambar shiga, ya duba ta Addis Ababa da ta Alƙahira da ta Doha. Ba mafi araha zai fara faɗa ba. Zai duba kilo nawa aka yarda a ɗauko, awa nawa za a yi ana jiran jirgi na biyu, da nawa za a caje idan aka ɗaga ranar dawowa, domin ɗan kasuwa bai cika dawowa a ranar da ya sa ba. Sai ya kama kujera, ya tura hoton allon. Kujerar tana da wa'adi. Idan ba a biya ba na'ura za ta sake ta da kanta, farashi kuma yana iya tashi kafin la'asar. Ɗan kasuwa ya yi tiransifa, ya turo shaidar biya, ejan ya ga alat, ya yanka, ya tura tikitin a waya. Ba su ga juna ba, amma kowa ya san shagon kowa.

A cikin wannan ciniki akwai ƙwarewar da ba a ganin ta. Sunan da ke tikiti dole ya dace da na fasfo harafi da harafi, alhali mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a bakin jama'a. Kuskuren harafi yana iya jawo tara ko sayen sabon tikiti. Idan ejan ya yawaita kama kujera yana saki don ya riƙe wa mai jinkirin biya farashi, kamfanin jirgi yana aiko masa da takardar tara da ake kira ADM, kuma daga aljihunsa za ta fita. Ladan da yake ɗorawa a kan tikiti, wani ɓangarensa kuɗin wannan kasada ne.

Tsarin ya haifar da hawa biyu. A sama akwai manyan diloli 'yan kaɗan masu rajista da jari da dandali. A ƙasa akwai ɗimbin ƙananan ejan-ejan masu waya da jama'a. Fasaha ta sauƙaƙa shiga sana'ar daga ƙasa, ta tattara iko a sama.

4.5 Hajji da Umara: gwamnati a matsayin mai dandali

Shirya tafiyar alhazai tsohuwar sana'a ce a Kano. A ƙarshen shekarun 1940 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa WAPA don jigilar maniyyata, sunan da har yau yake kan kasuwar 'yan canji ta Fagge. Yanzu NAHCON, wadda dokar 2006 ta kafa, ita take ba kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ake kira jirgin yawo, lasisi. A Hajjin 2023 Nijeriya ta samu kujeru 95,000, aka ware 75,000 ga hukumomin jihohi, 20,000 ga jirgin yawo.

A wannan fanni mai tsallake dillali gwamnati ce. A Yunin 2022, saura 'yan makonni a fara Hajji, Saudiyya ta sanar cewa maniyyatan Turai da Amurka da Ostareliya za su yi rajista ne kai tsaye a wani dandali mai suna Motawif. Kamfanonin da suka shekara da shekaru suna kai alhazai daga Birtaniya suka wayi gari ba su da kujera ko ɗaya. An sha koke-koke a kan biyan kuɗi da masauki da rashin wanda za a tuntuɓa, kuma a 2023 aka maye gurbinsa da Nusuk Hajj. Abin da dillalan intanet suka kasa yi a shekara ashirin da biyar, sanarwa ɗaya ta yi shi a 'yan kwanaki.

Nijeriya ba ta cikin wancan tsari, tunda ta hannun NAHCON take karɓar kujerunta. Duk da haka dandalin ya shigo ta kowace kusurwa. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake neman sa. Katin Nusuk ya zama shaidar halaccin alhaji a wuraren ibada. Kwangilar masauki da abinci da tantunan Mina a dandalin Saudiyya ake ƙulla ta, a kuma biya cikin wa'adi, wanda ya makara ya rasa wuri. Daga Yunin 2025 ba a ba da bizar Umara sai an shigar da shaidar kama masauki a dandalin Nusuk Masar. Saudiyya ta kuma ɗaga mafi ƙarancin adadin alhazan da kamfani zai kawo kafin ta yi hulɗa da shi kai tsaye, abin da ya sa kamfanonin jirgin yawo suka haɗu rukuni-rukuni a ƙarƙashin jagorori.

Illar wannan a kan ejan fuska biyu gare ta. Ta ɗaya, 'yancinsa ya ragu: ba ya iya sayen biza tsurarta ya bar mai Umara ya nemi masauki idan ya isa, kuma dole ya fitar da riyal tun kafin maniyyata su gama biya. Ta ɗaya fuskar, an ƙara buƙatarsa. Dattijuwar da ta sayar da shanu ko gona don ta sauke farali ba za ta buɗe asusu a manhaja ta zaɓi ranar shiga Rauda ba. Kowane sabon mataki na lantarki sabon aiki ne da wani zai yi mata. Shi ya sa kamfanonin da suka ci gaba suke ɗaukar matasa masu ilimin kwamfuta, suna haɗa su da malamin bita da jagoran tawaga, suna sayar da rakiya tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano har dawowa. Sai dai mai bizar Amurka ko Birtaniya ko ta Turai yana iya neman bizar Saudiyya ta intanet ya yi Umararsa shi kaɗai, ya sayi tikitin jirgin ƙasan Haramain a waya. Irin waɗannan su ne abokan cinikin da suka fi kuɗi, kuma su ne suke fara zamewa.

4.6 Kamfanonin jirage da mallakar ƙofa

Kamfanonin jiragen sama ma suna son ƙofa ta dawo hannunsu, domin suna biyan GDS kuɗi a kan kowace kujera da aka kama. A 2012 IATA ta amince da wani sabon tsarin rarraba kujeru mai suna NDC, wanda yake ba kamfani damar tura farashinsa da ƙarin hidimominsa kai tsaye. A Satumban 2015 Lufthansa ya ɗora yuro 16 a kan duk tikitinsa da aka yanka ta GDS. A Afrilun 2023 American Airlines ya janye kimanin kashi 40 cikin ɗari na farashinsa daga tsohuwar hanya don ya tilasta wa ejan-ejan komawa sabuwa. Cinikin matafiyan kamfanoni ya kuɓuce masa zuwa abokan gasa, kuma a Mayun 2024 shugabanninsa suka ja da baya. Wannan ya tabbatar da zagayen da Chircu da Kauffman suka siffanta, amma da sharaɗi: ejan yana iya tanƙwara kamfanin jirgi domin akwai wani jirgin. Ba ya iya tanƙwara mai ba da biza. Ƙaramin ejan kuma ba shi da jarin haɗa na'urarsa da ta kowane kamfani, don haka NDC yana ƙara tura shi ƙarƙashin babban dila.

4.7 Giɓin doka

Sauƙin shiga sana'ar ya buɗe wa 'yan damfara hanya. Mafi yawan salonsu shi ne tura takardar kama kujera a matsayin tikiti. Takardar tana da sunan fasinja da lambar jirgi da lambar kamu mai harufa shida, kuma idan aka duba a shafin kamfanin jirgi a ranar za a gan ta. Bayan wa'adi sai ta ɓace. Tikitin gaske yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne, kuma fasinjoji kaɗan ne suka san su nemi wannan. Haka ake sayar wa mutane bizar ziyara da sunan ta Hajji, su je a tare su a hanyar Makka.

Akwai kuma batun bayanan jama'a. Wayar ƙaramin ejan cike take da hotunan fasfo da takardun banki na masu neman biza. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan duk mai tattara su, amma wayar da ake ajiye su ita ce ake ba yaro ya kai caji.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA tana yi wa ejan-ejan rajista, NAHCON tana ba jirgin yawo lasisi, IATA tana sa ido a kan masu zuba kuɗi a BSP. Dukkansu hawan sama suke gani. Wanda fasinja ya tura wa kuɗi a hawan ƙasa yake, kuma idan jirgi ya soke tashi, kuɗin da za a mayar asusun babban dila suke komawa, wanda fasinja bai taɓa jin sunansa ba. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a wajabta wa kowane babban dila ya yi rajistar ƙananan ejan-ejan da ya ba lambar shiga dandalinsa, ya kuma ɗauki alhakin abin da aka yanka da sunansa. A wajabta kuma kowane rasit ya nuna lambar tikiti mai alƙaluma 13 da sunan kamfanin da ya yanke shi, a kuma buga jerin masu lasisi da Hausa a inda mai ƙaramar waya zai iya dubawa kafin ya tura kuɗi.